Argungu, garin Kabawa a bakin gulbi: tarihinsa da zumuncinsa da Damargu

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihi ko labarin ƙasa a Falanko, Gangara, Tanut ko Belbeji ya san wahalar darasin koguna. Littafi zai ce manyan dauloli a bakin ruwa suka tashi, ya kawo misalin Masar da kogin Nil, amma yaron da ke zaune gaban allo bai taɓa ganin ruwan da ke gudu rani da damina ba. Abin da ya sani shi ne rijiya mai gaba da yawa, da tabkin da ke ƙafewa kafin bazara, da koramar da ke cika da hantsi ta janye kafin la'asar. In ka ce masa akwai mutanen da gonarsu ruwa ce, jakinsu kwalekwale, sai ya ɗauka tatsuniya ce.

Alhali ba sai mun je Masar ba. A yammacin ƙasar Hausa akwai wani gari a bakin gulbi wanda tarihinsa ya sarƙe da namu ta hanyoyin da yawancinmu ba mu lura da su ba. Garin shi ne Argungu, mazaunin Sarkin Kabi, a jihar Kebbi ta Nijeriya, kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da Sakkwato. Mutane sun fi saninsa da bikin kamun kifi, amma bikin ɗan jiya ne idan aka gwada shi da abin da ke bayansa.

Daga kwarin Tarka zuwa Matan Fada

Mu fara da ƙasa kanta. Kwarin Tarka, wanda ƙaramar hukumar da Belbeji ke shugabanta ta ci sunansa, tsohon gulbi ne da ya mutu. Daga Damargu ya nufi yamma ta yankin Dakwaro, ya karkata kudu ta Madawa inda ake noman albasa a fadamarsa, ya tsallaka iyaka ya faɗa gulbin Rima. Rima ya karɓi Gulbin Maraɗi, ya haɗu da gulbin Sakkwato kusa da birnin Shehu, daga nan suka gangara tare ta Argungu da Birnin Kebbi har suka zuba a kogin Kwara, wanda mutanen yamma ke kira Isa. A yau ruwan da ya sauka a Tarka yakan nutse cikin rairayi tun bai yi nisa ba, amma gangaren ƙasar bai sauya ba. Wato dai yaron Belbeji da yaron Argungu a kan hanyar ruwa guda suke, ɗaya a kai, ɗaya a gindi. Malamin da ya zana wannan layi a allo ya riga ya rage rabin nisan da ke tsakanin ɗalibinsa da darasin.

Kanta da ganimar Agadas

Daular Kabi ta shiga littattafan tarihi ne ta dalilin wani yaƙi da aka yi a arewa da mu. Wajajen 1515 Askiya Muhammadu, sarkin Songai, ya kai yaƙi Agadas, kuma cikin waɗanda suka rufa masa baya akwai shugaban Kabawa, Muhammadu Kanta. An ci nasara, amma wajen rabon ganima aka hana Kanta da mutanensa kasonsu. Kanta ya janye mubaya'arsa, aka turo masa runduna ya kore ta, kuma tun daga 1516 zuwa 1517 Kabi ta tsaya da ƙafarta. Bayan shekaru wani Askiya, Muhammadu Bunkan, ya sake gwadawa, shi ma ya koma da kunya. Wannan labari yana cikin Tarikh al-Sudan, littafin da malamin Tumbuktu Abdurrahman Sa'adi ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 17.

Me ya ba ƙaramar ƙasa irin wannan ƙarfin tunkarar daular da ta mamaye daga Gawo har Tumbuktu? Amsar tana cikin gulbi. Fadamar Kabi faffaɗa ce, tana cika da ruwa watanni da dama a shekara, kuma dokin yaƙi ba ya da ƙarfi cikin laka. Kabawa kuwa masu jirgi ne, sun san inda ake ƙetarewa da inda ake nutsewa. Bugu da ƙari fadamar tana ba da shinkafa da kifi, saboda haka wanda aka yi wa ƙawanya a cikinta ba ya saurin jin yunwa. Kanta ya ƙara da ganuwa. Ya gina Surame da dutse da laka, ya mayar da ita babban birninsa, tare da Gungu da Leka. Labarin baka ya ce har Abzinawa ya tilasta wa ɗauko ruwa daga ƙasarsu a bayan raƙuma don aikin ginin, ya kuma ce yana da jirgin ruwa na ƙasaita da aka lulluɓe da tagulla. Irin waɗannan riwayoyi sukan ƙaru a bakin maroƙa, amma suna nuna yadda mutanen zamanin suka ɗauki girman sarkin. Riwayar ta ci gaba da cewa ya gwabza da Barno har wajen Nguru, kuma a hanyar komowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, raunin ya zama ajalinsa.

Abin da ya fara da Agadas, da Agadas ya juya. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Abzin Muhammadu Mubarak, ya karya rundunar Kabi ya ƙwace ƙasar Adar, kuma daga zuriyarsa ne sarautar Adar ta Illela ta fito. Gobir da Zamfara su ma suka yi ta yagar nasu. Wajajen 1700 Kabawa suka bar Surame, Sarki Tomo ya kafa sabon mazauni a Birnin Kabi, wato Birnin Kebbi ta yau.

Yadda Argungu ta zama mazaunin sarki

Shekara ɗari bayan haka jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso. A 1805 rundunar da Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ke jagoranta ta ci Birnin Kabi, Sarki Muhammadu Hodi ya fita da waɗanda suka bi shi ya ci gaba da yaƙi daga ƙauyukan fadama har aka kashe shi wajajen 1826. Wanda ya gaje shi, Sama'ila da ake kira Karari, shi ne ya zauna Argungu. Masu ba da labari sukan ce sunan garin daga kiran "a yi gungu" ya samo asali, wato a taru wuri guda, kuma kiran ya dace da halin mutanen da aka tarwatsa. A 1831 Sakkwato da Gwandu suka haɗa ƙarfi suka kewaye garin, aka kashe Karari, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato.

Nabame ya shekara kusan 18 a hannun waɗanda suka ci mahaifinsa da yaƙi. Ya yi zama na amana har aka yarda da shi aka bar shi ya koma gida. A 1849 ya ɗaga tutar Kabi a Argungu, kuma a nan ne tarihin ya sake ratsowa cikin ƙasar da ake kira Nijar a yau, domin Arawa da Dandawa da Zabarmawan Doso duk sun mara masa baya, su ma suna neman sauke nauyin Gwandu daga wuyansu. An kashe Nabame a fagen fama a 1854, amma abin da ya tayar bai kwanta ba.

Akwai wani baƙo da ya ga ƙasar a daidai wannan lokaci, kuma mu mutanen Damargu mun riga su ganinsa. Shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim. A watan Janairu na 1851 ya sauko daga Abzin tare da ayarin gishiri ya yada zango a Tagelel cikin Damargu, inda ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu. A 1853 ya isa Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu, ya tarar da hanyoyi sun ɓaci saboda tawayen Kabawa. A Gwandun ne aka ara masa kwafin Tarikh al-Sudan ya zauna yana kwafar abin da ya iya, kuma ta hannunsa Turai ta fara sanin littafin. Mutumin da ya sha ruwan rijiyoyinmu shi ne ya kai wa duniya labarin Kanta a rubuce.

Yaƙi tsakanin Argungu da maƙwabtanta ya ɗauki yawancin ƙarni na 19, sai dai an sami hutu. A zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, daga 1867 zuwa 1875, inda kowane ɓangare ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. Shekara takwas manoma suka yi shuka ba tare da kallon bayansu ba, fatake suka bi hanya. Da sulhun ya warware aka koma gidan jiya. Sarkin da ya fi shahara a wannan zango shi ne Sama'ila na biyu, wanda aka fi sani da Sama, ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915. A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya taho da babbar runduna don ya gama da Argungu, aka karya shi a bakin garin.

Ya kamata malami ya yi hattara wajen ba da wannan babi. Sauƙi ne a mayar da shi labarin masu gaskiya da masu ɓata, ko ta wannan fuska ko ta waccan. Sarakunan Kabi sunayen Musulunci suke ɗauke da su tun daga Kanta, kuma rikicin ya haɗa addini da mulki da haraji da mallakar fadama. Yaro ya fi ƙaruwa idan aka nuna masa abin da kowane ɓangare yake karewa, da abin da talakan ƙauye ya rasa a tsakani.

Layin da Turawa suka ja

A ƙarshen ƙarnin Faransa da Ingila suka shigo tseren mallakar ƙasa, kuma Argungu tana kan hanyar duk wanda ya taso daga Sayi zai yi gabas. Monteil ya ratsa ta a 1891. Kyaftin Cazemajou ya biyo ta a farkon 1898, ya ci gaba har Damagaram inda aka kashe shi ranar 5 ga Mayu na shekarar, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Wata guda bayan haka, ranar 14 ga Yuni 1898, ƙasashen biyu suka zauna a Paris suka ɗora tsinken kamfas a kan Sakkwato, suka ja baka mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Da Faransawa suka zo bin rabonsu daga kogi zuwa Damagaram sai suka tarar hanyar ba rijiyoyi. Dole aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara layin don su sami hanya mai ruwa, kuma kusan ita ce hanyar da motocinmu ke bi yau ta Ƙonni da Madawa da Maraɗi. Iyakar da ke tsakanin Nijar da Nijeriya a wannan yanki, ƙishirwa ce ta daidaita ta.

Argungu ta karɓi Ingilishi ba tare da yaƙi ba, tun kafin su ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Amma ta biya farashi, domin yawancin ƙasashen Arewa da Dandi da Zabarma da suka yi kafaɗa da ita sun faɗa ɓangaren Faransa. Shi ya sa har gobe Ba'are na Dogonduci yake da dangi a Kangiwa, Badande na Gaya yake da ƴan uwa a Kamba.

1934: kifi a madadin mashi

Turawa sun hana yaƙi, amma ba su cire ƙiyayya daga zukata ba. Shekara 30 bayan zuwansu, babu Sarkin Musulmin da ya taka Argungu da sunan zumunci. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi. Kabawa suka duba abin da za su girmama baƙon da shi, wanda ba za a same shi a wani wuri ba, sai suka shiga ruwa. Dama suna da tsofaffin al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa, wato buɗe kamun kifi bayan an hana shi na wani lokaci. A ranar suka mayar da al'adar abin kallo, kuma daga nan bikin ya samo tushe.

Sannu a hankali ya girma. A 1970 shugaban Nijeriya Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da shugabanmu Diori Hamani. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam. Ya tsaya na kimanin shekara 10, sannan aka farfaɗo da shi a watan Maris na 2020.

Abin da baƙo zai gani

Wurin farawa shi ne Gidan Tarihi na Kanta, a tsakiyar tsohon gari. Fadar sarakunan Kabi ce ta ƙarni na 19, sun zauna cikinta har 1942 lokacin da aka gina sabuwa, kuma ranar 1 ga Yuli 1958 aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi. An kasa ta sassa 11. Akwai masu da takubba da kwari da baka, da bindigogin toka, da rigunan yaƙi masu layu, da tambura, da kayan su da na noma. A cikin harabar ne kuma ake binne sarakuna, saboda haka wuri ne da ake shiga da ladabi. Ginin kansa darasi ne, musamman ga yaran da ke ganin ginin laka alamar talauci ce, domin za su ga kaurin bango da bakan gizon da ya riƙe rufi shekaru masu yawa.

Daga nan sai Matan Fada, reshen gulbin da ake yin babban kamu a cikinsa. Duk shekara a rufe yake, ba mai jefa koma sai ranar da aka ba da izini. Sarkin Ruwa ne ke da alhakin lafiyar ruwan da ta masu shiga, Homa kuma shi ne shugaban masunta. Ranar kamu dubban mutane ke jeruwa a gaɓa, kowa da komarsa da ƙaton gora. Goran yana aiki biyu, masunci yana kwanciya a kansa ya yi iyo, kuma cikinsa yake zuba abin da ya kama. Da an buga bindiga sai su ruga cikin ruwa gaba ɗaya, makaɗa na bin su a jirage, kuma cikin kamar sa'a guda an gama. Wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ne gwani, yawanci giwan ruwa ce, kuma ta 2020 ta kai kilo 78. Kafin ranar akwai wasannin Kabanci, irin su tseren jirage, nutso, kamun agwagwa da kamun kifi da hannu, ga kuma dambe da kokawa da nunin amfanin gona. Bikin yakan faɗo tsakanin Fabrairu da Maris.

A 2008 an karɓe kyautar daga hannun wanda aka fara bai wa, bayan masunta sun yi ƙorafin cewa kifin ba a Matan Fada aka kama shi ba. Masu sana'ar ne da kansu suka tona, saboda sun san ruwansu. Wannan ɗan labari ya isa darasin tarbiyya na yini guda.

Wanda ya je ba lokacin biki ba bai yi asara ba. Zai ga fadamar shinkafa iya ganinsa, da kasuwar kifi, da masu saƙa koma, da babban injin casar shinkafa na WACOT da aka buɗe a 2017. Mai sauran ƙarfi kuma ya nemi kufan Surame a jihar Sakkwato, inda ragowar ganuwar Kanta take tsaye cikin daji bayan shekara 500.

Gulbin ma yana iya mutuwa

Ruwan da Kanta ya dogara da shi ba shi ne na yau ba. An gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, aka bi da ta Goronyo a kan Rima a shekarun 1980. Madatsun sun ba wasu noman rani, amma sun rage ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da su, wadda kifi ke hayayyafa a cikinta. Ga yashi yana cike hanyar ruwa. A 2006 sai da aka hana shiga kamun saboda ƙarancin ruwa. Mutumin Damargu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, domin Tarka ma ta taɓa gudu. Dokar Sarkin Ruwa ta hana kamu sai lokacinsa ƴar uwar dokokinmu ce na layin rijiya da burtalin dabbobi da ranar sakin gonaki. Duk inda abin rayuwa ya yi ƙaranci, magabata sun ƙirƙiro masa doka da mai tsaron dokar.

Ga malamai da iyaye

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma daga Falanko zuwa Argungu tafiya ce da ta haura kilomita 600, ta Damagaram da Maraɗi da Ƙonni, a ƙetare ta Illela zuwa Sakkwato. Akwai kuɗin mota, akwai takardun iyaka, kuma mun ga yadda iyakar ta rufe bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Akwai kuma tsaro. A watan Nuwamba na 2024 ƴan bindigar da ake kira Lakurawa sun kai hari garin Mera a ƙaramar hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu. Babu shugaban makarantar da ya kamata ya ɗebi ƴaƴan mutane zuwa can sai da yardar hukuma da ta iyaye, da kuma labari mai tushe game da halin hanya a makon tafiyar.

Kafin hakan ta samu, akwai abin yi. Malami ɗaya ko biyu za su iya zuwa lokacin hutu su dawo da hotuna. Bidiyon bikin yana nan a intanet, wayar hannu guda ta isa aji ya gani. A kusan kowane gari namu akwai wanda ya yi ci-rani a Sakkwato ko Kabi, a gayyato shi ya ba yara labari, su yi masa tambayoyi su rubuta. A sa su zana hanyar ruwa daga Tarka zuwa Kwara, su sa Agadas da Surame da Doso da Damagaram a kan taswira guda ba tare da layin iyaka ba, sannan a ja layin daga baya su ga abin da ya raba.

Sai kuma babban abin koyi. Kabawa sun mayar da tsohuwar fadarsu gidan tarihi tun 1958, kafin Nijar da Nijeriya su sami mulkin kai. Damargu ita ce rumbun Abzin, ta nan ayarin Kano da Tarabulus ya bi shekaru aru-aru, amma ina ɗakin da muka tara sirdin raƙumi da takobi da wasiƙun fatake don jikokinmu? Tsofaffin da suka ji labarin Jajiduna da zamanin ayari daga bakin kakanninsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kwamitin iyayen yara na kowace makaranta zai iya ware kusurwa guda a aji, a roƙi gidaje su ba da aron tsofaffin kaya, a tura ƴan aji shida su ɗauki maganar dattawa a rubuce. Wannan ba ya bukatar fasfo ko kuɗin mota, kuma ana iya fara shi a wannan zangon karatu.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya buɗe hanyoyi, Ya sa yaranmu su ga Matan Fada da idonsu.